Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Da Cinikin Wasanni: Abin Da Keana Ke Biya Da Abin Da Take Samu

KEANA, Jihar Nasarawa — Tun zamanin kakanni da gishiri aka san garin Keana. Matan Alago ne ke ɗebo ruwan gishiri su tace su dafa, fatake kuma su yi lodi su nufi kasuwanni na kusa da na nesa, har ya kasance ba a ambaton sarautar Osana ko bikin Oyarore ba tare da an tuna da wannan sana'a ba. Ciniki ne da ke jawo kuɗi daga waje zuwa cikin gari. Amma a 'yan shekarun nan wani cinikin dabam ya kafu a Keana da Kadarko da Giza da sauran garuruwan ƙaramar hukumar, wanda shi kuwa fitar da kuɗi yake yi daga gari, wato cinikin kallon wasanni.

Duk ranar Asabar da Lahadi, da la'asar ta yi, sai a ji ƙarar janareta daga rumfunan kwano, matasa sun yi layi suna biyan kuɗin shiga domin su kalli ƙungiyoyin Ingila da Sifen suna taka leda. Wasu kuma a wayoyinsu na hannu suke bin sakamakon wasannin. Kowace Naira da aka kashe a wannan fage tana da inda za ta: wani kaso ga mai sayar da man fetur, wani ga kamfanin tauraron ɗan'adam, wani ga kamfanin sadarwa, sa'an nan wani kason ya ƙetare teku zuwa aljihun ƙungiyoyin Turai. Abin tambaya ga 'yan kasuwa shi ne, ko wannan fasaha da ke kwashe kuɗin tana da wata hanyar da za ta dawo da su?

YADDA WASA YA ZAMA HAJA

A da, arzikin ƙungiyar ƙwallon ƙafa bai wuce abin da ta tara a ƙofar fili ba. Idan fili na ɗaukar mutum dubu goma, to, iyakar kasuwar ke nan. Fasahar sadarwa ce ta rushe wannan katanga, domin da zarar an ɗauki wasa da kyamara an harba shi ta tauraron ɗan'adam, mai kallo a Keana ya zama abokin ciniki daidai da mai kallo a Landan.

A shekarar 1992, lokacin da aka kafa gasar Firimiya ta Ingila, an sayar da iznin nuna wasanninta na shekara biyar a kan Fam miliyan 304. A watan Disamba na 2023 kuwa an sayar da iznin shekara huɗu, na cikin Birtaniya kaɗai, a kan Fam biliyan 6.7. Wannan adadi bai haɗa da abin da ake samu daga ƙasashen waje ba, inda Afirka take da nata kason da take biya.

A Nijeriya, kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya shigo a 1993, kuma a 1995 ya soma aikin DStv. A 2007 wani kamfanin cikin gida mai suna HiTV ya karɓe iznin nuna gasar Ingila, amma nauyin kuɗin ya fi ƙarfinsa, ya durƙushe a 2011. Kamfanin StarTimes na ƙasar Sin ya shigo a 2010 tare da haɗin gwiwar Hukumar Talabijin ta Ƙasa, sa'an nan a 2011 MultiChoice ya fito da GOtv domin masu ƙaramin ƙarfi. A watan Satumba na 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamar MultiChoice baki ɗaya.

Sai dai abin da ya fi kawo sauyi shi ne wayar tafi-da-gidanka. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisi a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agusta na shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Kafin lokacin, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A 2025 layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Ta haka ne allon kallo ya tashi daga rumfa ya koma aljihu.

LISSAFIN MAI GIDAN KALLO

Gidan kallon ƙwallo shi ne ƙaramar masana'antar da fasahar ta haifa a garuruwa irin su Keana. Jarinsa a fili yake: rumfa da benci, akwatunan talabijin biyu ko uku, dikoda da farantin tauraron ɗan'adam, janareta, da kuma kuɗin wata da ake biyan kamfani. Ribarsa kuwa ta dogara ne ga yawan kawunan da suka shiga, ga kuma masu sayar da ruwan leda da lemo da tsire da masu cajin waya da ke cin abinci a gefensa.

Tun daga 2023 wannan lissafi ya rikice. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar ya sa litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Sakin Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023 ya sa Dalar da ake canzarwa a wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta wuce Naira 1,500 a 2024. Da yake da kuɗin waje ake sayen iznin nuna wasanni, MultiChoice ya ƙara farashi har sau uku tsakanin Mayu na 2023 da Mayu na 2024, ya sake ƙarawa a watan Maris na 2025. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa cikin shekara biyu zuwa Maris na 2025 ya rasa masu hulɗa kimanin miliyan 1.4 a Nijeriya.

Mai gidan kallo ya shiga tsaka mai wuya ke nan. Idan ya ƙara kuɗin shiga, matasa su koma kallo a waya ta shafukan sata, waɗanda ba sa biyan kowa ko kwabo. Idan ya bar kuɗin yadda yake, mai da kuɗin wata su cinye uwar kuɗi. Waɗanda suka tsira a sana'ar galibi su ne suka koma ga lantarki mai aiki da hasken rana, suka kuma haɗa kallon da wata sana'ar, kamar cajin waya, da cirar kuɗi ta na'urar POS, da wasannin kwamfuta na yara a ranakun da babu ƙwallo. Har ila yau, akwai batun tsaron rai da bai kamata a manta ba. A watan Afrilu na 2017 babbar wayar lantarki ta faɗo a kan wani gidan kallo mai rufin kwano a Kalaba ana tsakiyar kallon wasan Manchester United, mutane suka rasa rayukansu.

GASAR CIKIN GIDA DA NEMAN MAI NUNAWA

Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Filato a ranar 1 ga Oktoba 1996, ba baƙuwa ba ce a fagen tamaula. Ƙungiyar Nasarawa United, da aka kafa a 2003 take kuma wasa a filin wasa na birnin Lafiya, ta zo ta biyu a gasar ƙasa a 2006, ta wakilci Nijeriya a gasar Zakarun Afirka a 2007 da gasar Kofin Ƙalubale ta Afirka a 2016. Ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa sau biyu, a 2016 da 2021, inda duka biyun aka doke ta a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Takwararta ta mata, Nasarawa Amazons, ta ci gasar mata ta ƙasa a 2013 da 2017.

Duk da wannan tarihi, matashin Keana ya fi sanin 'yan wasan ajiya na Arsenal fiye da 'yan wasan farko na ƙungiyar jiharsa. Dalili kuwa shi ne, abin da ido ke gani shi zuciya ke so, kuma gasar cikin gida ta daɗe ba ta da tsayayyen mai nuna ta. A 2013 kamfanin da ke gudanar da gasar a lokacin ya ƙulla yarjejeniya ta Dala miliyan 34 da SuperSport, wadda aka tsara za ta yi aiki daga 2015 zuwa 2019, amma a 2017 kamfanin ya daina nuna wasannin. A kakar 2020/2021 aka gwada nuna su ta intanet a ƙarƙashin sunan NPFL.TV. A 2023 kuma hukumar gasar ta ƙulla da Propel Sports Africa domin nuna wasanni a wayar hannu, ta kuma ƙulla da StarTimes domin talabijin. Ladan zakaran gasar ya tashi daga Naira miliyan 100 da Enyimba ta karɓa a 2023, zuwa miliyan 150 da Rangers ta karɓa a 2024, zuwa miliyan 200 da Remo Stars ta karɓa a 2025.

Idan aka auna wannan lada da kuɗin albashi da sufuri da masauki na kaka guda, za a ga bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa yawancin ƙungiyoyin, har da Nasarawa United, suke rayuwa a kan baitulmalin gwamnatocin jihohi. Kamfanin da zai sa sunansa a rigar ƙungiya yana son a gaya masa mutum nawa ne za su ga rigar. Ƙungiyar da ba ta da ƙididdigar masu kallonta a fili da a waya ba ta da abin da za ta ɗora a teburin ciniki. A nan ne tikitin da ake saye ta waya yake da amfani biyu, domin yana toshe ɓarakar kuɗin ƙofa, yana kuma barin suna da adadin waɗanda suka shiga. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, sakamakon sauya fasalin Naira, ya riga ya koya wa jama'ar karkara biya ta waya da ta POS, saboda haka hanyar a share take.

RAJISTAR 'YAN WASA: INDA KUƊI KE KWANCE

Babbar hajar da ƙasa irin Nijeriya take sayarwa a kasuwar wasanni ita ce 'yan wasan kansu. Sunusi Ibrahim, haifaffen Keffi, yana cikin waɗanda suka fi cin ƙwallo a gasar 2019 yana sanye da rigar Nasarawa United, kuma a farkon 2021 ya koma CF Montréal ta ƙasar Kanada. Silas Nwankwo ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 19 a kakar 2020/2021, sa'an nan ya tafi Mjällby ta ƙasar Suwidin a 2022. A kakar 2024/2025 ma ɗan wasan ƙungiyar, Anas Yusuf, shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar.

Tun daga ranar 1 ga Oktoba 2010, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, ta wajabta cewa duk cinikin ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata sai ya bi ta cikin wani tsari na kwamfuta da ake kira TMS. Mai saye da mai sayarwa kowa zai shigar da bayanin cinikin a nasa gefen, wato sunan ɗan wasa da farashi da lokacin biya. Idan bayanan biyu ba su dace da juna ba, takardar iznin sauya sheƙa ba za ta fito ba.

Abin da ya fi shafar ƙananan ƙungiyoyi shi ne dokar da ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa alhali yana da kwantiragi, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23 da haihuwa. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya cikin 100 na farashin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da rabin kashi ɗaya. Alal misali, idan wata ƙungiya a Keana ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 15, daga baya aka sayar da shi a kan Yuro miliyan ɗaya, haƙƙinta Yuro 10,000 ne, kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi a kan irin wannan sharaɗi za ta sake samun nata kason. Lokacin da Galatasaray ta Turkiyya ta sayi Victor Osimhen daga Napoli a 2025 a kan Yuro miliyan 75, kashi 5 cikin 100 ya kama Yuro miliyan 3.75, wanda ƙungiyoyin da suka rene shi ke da haƙƙi a ciki, kuma daga wata makarantar ƙwallo ta Legas mai suna Ultimate Strikers ya taso.

Domin a tabbatar kuɗin sun isa ga masu su, a watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishin tantancewa da biya a ƙasar Faransa. Kwamfuta ce ke harhaɗa tarihin ɗan wasa daga rajistar da hukumomin ƙasashe suka yi masa, ta fitar da abin da ake kira fasfon ɗan wasa, ta lissafa rabon kowa. To, a nan gizo ke saƙar. Kwamfuta ba ta san mai horaswar da ya saya wa yaro takalmi ya kuma biya masa kuɗin mota shekara huɗu ba. Abin da ta sani shi ne sunan da aka shigar. Ƙungiyar da ba ta da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da ta ƙasa, ba ta shigar da sunayen yaranta ba, ba ta kuma da asusun banki da sunanta, ta yi noma ne wani ya girbe. Sau da yawa yaro yakan bar garinsu ya koma wata makarantar ƙwallo a Abuja ko Legas, a yi masa rajistar farko a can, shekarun da ya yi a gida su bi ruwa.

IDON MAI SAYE

A da sai mai farautar 'yan wasa ya hau jirgi ya zo ya zauna a bakin fili. Yanzu yawancin aikin a gaban kwamfuta ake fara shi. Kamfanin Opta da aka kafa a Ingila a 1996 yana ƙirga duk abin da ɗan wasa ya yi da ƙwallo. Kamfanin Wyscout da aka kafa a Italiya a 2004, wanda Hudl na Amurka ya saye a 2019, yana tara hotunan bidiyo na wasanni daga ƙasashe masu yawa, ya yayyanka su ta yadda mai saye zai nemi, misali, ɗan baya mai buga ƙafar hagu da bai wuce shekara 21 ba, ya kalli duk abin da ya yi cikin sa'a guda. Ƙungiyoyin Brentford da Brighton na Ingila sun yi suna wajen sayen 'yan wasa da araha ta hanyar ƙididdiga su sayar da tsada. Kazalika tun 2015 dokokin wasa suka halatta sanya 'yar na'urar da ke auna gudun ɗan wasa da nisan da ya yi a lokacin wasa.

Ma'anar wannan ga Keana a bayyane take. Wasan da ba a ɗauka da kyamara ba, a idon kasuwa kamar ba a buga shi ba ne. Abin farin ciki shi ne kayan aikin sun yi sauƙi. Akwai kyamarori irin na kamfanonin Veo da Pixellot waɗanda ke bin ƙwallo da kansu ba tare da mai riƙewa ba, kuma ko wayar hannu mai kyau da aka kafa a wuri mai tudu tana iya ɗaukar cikakken wasa. Masu saye sun fi amincewa da cikakken wasa na minti 90 fiye da gajeren hoton da aka tsince wuraren bajinta kaɗai.

Sai dai hanyar da alheri ke bi ita ce sharri ke bi. 'Yan damfara na amfani da Facebook da WhatsApp suna aika wa matasa takardun gayyata na bogi da sunan ƙungiyoyin Turai, su nemi kuɗin biza da na jirgi, iyaye su sayar da gona ko amfanin gona su biya. Ya kamata a san cewa dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba zuwa wata ƙasa domin ƙwallo, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan, kuma ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗi daga hannun ɗan wasan da take nema.

GASKIYA ITA CE JARI

Ba wanda zai zuba dukiyarsa a gasar da ake zargin an san sakamakonta tun kafin a busa usur. Saboda haka wani babban aikin fasahar shi ne tsare amana. An yi amfani da na'urar tantance ko ƙwallo ta haye layin raga a gasar Kofin Duniya ta 2014 a Brazil, sa'an nan aka shigo da mataimakin alƙalin wasa na bidiyo, wato VAR, a gasar 2018 a Rasha. 'Yan Nijeriya ba za su manta da ranar 26 ga Yuni 2018 ba, lokacin da alƙali ya je ya duba allo a kan ƙwallon da ta taɓa hannun Marcos Rojo na Ajantina, ya dawo ya hana fanareti. A gasar 2022 a Katar kuwa an sanya wata 'yar na'ura a cikin ƙwallon kanta, tana aika bayani sau 500 a cikin daƙiƙa guda, ga kyamarori 12 na bin sawun 'yan wasa domin gano satar gida. Har zuwa kakar 2024/2025 ba a yi amfani da VAR a gasar Nijeriya ba, kuma tsadar kayan aiki da horas da ma'aikata na cikin dalilan.

Haka nan batun shekarun haihuwa. Tun daga gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya da Nijeriya ta ɗauki baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI domin gano waɗanda girma ya riga ya kama. A 2016 'yan wasan Nijeriya 26 suka faɗi wannan gwaji gab da karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ta fitar da Nijeriya daga gasar. Yaron da aka yi wa rajista tun yana ɗan shekara 12, da takardar haihuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa, ya fi daraja a kasuwa domin babu shakka a kan shekarunsa.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne abin da ya faru a Bauchi a watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa matakin gaba. Plateau United Feeders ta ci Akurba FC 79 da nema, yayin da a lokaci guda Police Machine ta ci Babayaro FC 67 da nema. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa shiga harkar har abada. Labarin ya zaga duniya cikin kwana guda, domin intanet ba ta rufa asiri. Da a ce kowane wasa na ƙananan matakai ana ɗaukarsa ana ajiyewa, da masu irin wannan shiri sun yi tunani sau biyu.

CACA: ƘOFAR DA TA FI FITAR DA KUƊI

Ba za a yi bayanin wannan kasuwa a tsallake cacar wasanni ba. NairaBet ya fara a 2009, Bet9ja kuma a 2013, wasu da dama suka biyo baya. Abin da ya ba su ƙarfi shi ne haɗuwar abu uku: wasan da ake nunawa kai tsaye, ƙididdigar da ke zuwa nan take, da kuma biyan kuɗi ta waya. An gina lissafin cacar ne ta yadda, idan aka haɗa dukkan masu sa kuɗi, kamfani ne ke da rinjaye. Ma'ana, a garin da babu hedikwatar kamfanin, abin da ke fita kullum ya fi abin da ke shigowa, kuma jarin da zai sayi taki ko ya ƙara kaya a shago shi ne ke tafiya.

Addinin Musulunci ya haramta caca, shugabannin Kirista ma da dama na yin hani da ita, kuma a 2024 hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta rufe shagunan caca masu yawa. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta yanke cewa ikon tsara harkar na hannun jihohi. Don haka yanzu nauyin kare ƙananan yara da sa ido a kan shagunan ya rataya ne a wuyan gwamnatocin jihohi da majalisunsu, ciki har da ta Nasarawa.

DARASI DAGA FAGEN DAMBE

Wasan gargajiya ya nuna cewa kuɗin na iya juyowa. Damben Hausa, mai ɓangarorin Kudu da Jamus da Guramada, ya daɗe ana yinsa a gidajen dambe irin na Marabar Nyanya a Jihar Nasarawa da Dei-Dei a Abuja, masu kallonsa ba su wuce waɗanda suka biya a ƙofa ba. A 2017 aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, miliyoyin mutane daga ƙasashen da ba su taɓa jin sunan wasan ba suka fara kallo. A 2025 kamfanin African Warriors Fighting Championship ya ƙulla yarjejeniya da DAZN domin nuna damben ga duniya. Abin lura a nan shi ne, dambe haja ce da Turai ba ta da irinta. Sai dai tambayar da ta rage ita ce nawa ne ke isa hannun ɗan damben da makaɗinsa, kuma wa ke da mallakar hoton. Wanda ya riƙe kyamara da rubutacciyar yarjejeniya shi ne ke riƙe da kasuwar.

CIKAS DA DAMAR DA KE AKWAI

A ɓangaren gwamnati, an ɗauki wasu matakai. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sauya matsayin wasanni daga abin nishaɗi zuwa harkar kasuwanci, a watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartaswa ta amince da manufar ƙasa kan masana'antar wasanni, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa a ƙarƙashin Malam Shehu Dikko, wanda ya taɓa shugabantar kamfanin gudanar da gasar. A watan Fabrairu na 2022 aka ƙaddamar da babbar tashar rarraba lantarki ta Akurba a Lafiya. Kamfanin Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, abin da ya buɗe hanya ga wuraren da layin waya ba shi da ƙarfi, ko da yake farashinsa ya fi ƙarfin talaka. A ɗaya gefen kuma, a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data. Wajibi ne kuma duk mai tara bayanan yara ya san da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023.

Ga ɗan kasuwa mai matsakaicin jari, ƙofofin da ke buɗe ba sa bukatar biliyoyi. Akwai aikin ɗaukar wasannin ƙananan ƙungiyoyi da na makarantu a kan kuɗi, har da na 'yan mata, tun da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya na nan a Keana, ga kuma Nasarawa Amazons a matsayin abin koyi. Akwai aikin yi wa ƙungiyoyi rajista da adana takardunsu, wanda ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jiha ta Keffi za su iya. Akwai sayar da kayan lantarki mai aiki da hasken rana ga gidajen kallo a biya sannu a hankali. Akwai kuma ɗaukar nauyin gasar ƙaramar hukuma, inda dillalin riɗi ko na shinkafa ko na doya zai sa sunan kasuwancinsa a riga, muddin ana nuna wasan a waya yadda masu saye a Lafiya da Makurɗi za su gani.

Matakin farko kuwa ya fi kowanne araha. Duk mai riƙe da ƙungiyar yara a Keana ko Kadarko ko Giza, ya kamata kafin kaka mai zuwa ya je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Lafiya ya yi wa ƙungiyarsa rajista, ya shigar da sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa da yardar iyayensa, ya buɗe asusun banki da sunan ƙungiyar, ya kuma ajiye hoton kowane wasa da suka buga. Matan da ke dafa gishiri sun san awon kowane mudu da ya fita daga hannunsu, kuma ba sa barin fatake su tafi da shi ba a yi lissafi ba. Irin wannan lissafin ne ake bukata a kan yaran da ke barin garin da takalman ƙwallo a jaka.